Ɗakin Ɓoye a Kwamfutar Baba

Wadda ta rubuto min a ƙarƙashin rubutun jiya cewa taurin kai ne ke damuna, wai irin Injiniya ba kowace mace ke samu ba, 'yar uwa na gode. Ki zauna ki karanta na yau. Idan kin kai ƙarshe kina nan a kan bakanki, turo lambarki in haɗa ku.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida. Babanmu ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar ni da Umma da Yayana, wanda tun daga ranar ya ɗauki kansa ya ajiye a kujerar Baba. Injiniya kuwa abokin Yaya ne, shagonsa na gyaran kwamfuta yana jikin shagon kayan wutar Yaya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka manna masa a gilashin bayan mota. Shekara guda ke nan yana nemana. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma a gidanmu an riga an amsa a madadina.

Ina yin kwas na kula da kwamfutocin ofis. Ranar Litinin malamarmu ta tsayar da mu uku bayan darasi, ta ce ta samo mana gwajin ɗaukar aiki a wani kamfani, ranar Alhamis ƙarfe tara na safe, daga gida za a yi. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya girka wata babbar manhaja daban a cikin bi-em, ya turo mata hoton shaida kafin yammacin Laraba, domin a cikinta za a yi gwajin. Wanda bai turo ba, sunansa ba zai shiga ba.

Kada kalmar ta tsorata ku. Bi-em kwamfuta ce ta ƙarya a cikin ta gaske. Wata manhaja ce ke yankar ɗan ƙarfin kwamfutarki ta mayar da shi tamkar wata na'ura mai zaman kanta, da ƙwaƙwalwarta da faifan ajiyarta, ta buɗe miki ita a taga ɗaya a kan sikirin. Duk ɓarnar da kika yi a ciki, a ciki za ta tsaya.

Kwamfuta ɗaya ce a gidanmu, ta Baba. Tana kusurwar falo tsakanin firij da taga, a kan teburin da ƙafarsa ɗaya sai da aka tokare da kwali. Umma na lulluɓe ta da farin kyalle mai ado a baki, kullum da safe ta kakkaɓe shi ta mayar. A cikinta hotunan Baba suke, da takardun shagon Yaya. Injiniya ne ke duba ta idan ta yi gardama.

Talata da safe na zauna da doguwar rigata ta zaman gida, ruwan toka wadda aljihunta ya yage, ɗankwalina ɗaure ta baya, kofin shayi a gefe. Fayil ɗin babbar manhajar ya ci min awa biyu kafin ya gama sauka. Na girka manhajar bi-em lafiya lau. Na ƙirƙiri sabuwar na'ura, na ba ta giga huɗu daga cikin takwas na ƙwaƙwalwa, na yanka mata faifai na giga ashirin da biyar, na maƙala mata fayil ɗin kamar yadda ake saka faifai a inji. Na yi bismilla na danna ta tashi.

Sai ga wani akwati da jan alama: ba za ta tashi ba, wai an kashe wannan damar a can saitin ƙasa na kwamfutar, wanda ake shiga kafin komai ya buɗe. Wannan ba matsala ba ce, malama ta riga ta nuna mana. Na kashe na kunna, na dinga danna maɓalli har shuɗin shafin ya fito. Sai ya nemi kalmar sirri.

Kalmar sirri a kwamfutar Baba? Mutumin da ko wayarsa bai taɓa kullewa ba?

Na gwada sunansa, na gwada shekarar haihuwarsa, na gwada ɗaya zuwa shida. A karo na uku ta kashe kanta. Nan na san hannun waye. Na ɗauki waya, raina ba ya so, na rubuta wa Injiniya.

Ni: Sallama. Kai ka sa kalmar sirri a saitin kwamfutar gida?

Shi: Ranki ya daɗe, yau da ni aka tashi? Ko gaisuwa babu?

Ni: Ina kwana. Kai ka sa?

Shi: Ni na sa. Me kike nema a can?

Ni: Zan kunna abin da bi-em ke buƙata. Aikin makaranta ne.

Shi: Wannan wurin ba na mata ba ne. Ki bari in zo in gani.

Ni: Ba sai ka zo ba. Turo kalmar kawai.

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Bayan minti ashirin sai ga hoton fure da ɗan zanen fuska mai dariya. Wallahi da yana kusa da kofin shayin nan zan jefe shi.

Bayan la'asar ya zo, shi da Yaya a mota ɗaya. Farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, gugar ta yi kaifi, agogo mai ruwan zinare yana lilo a hannunsa don ya yi masa yawa, ga turaren nan nasa da ke riga shi shiga ɗaki. Umma ta washe baki, ta sa na kawo ruwa da kofunan baƙi. Na zura hijabina ruwan ƙasa na ajiye tiren, na tsaya a bakin ƙofa.

"Zauna mana," in ji Yaya. "Maganarki za a yi."

Injiniya ya kurɓi ruwa, ya gyara zama, ya dubi Umma da fuskar mai kawo gaisuwar rashin lafiya. "Umma, ni ba na son shiga abin da ba a sa ni ba. Amma abin da take son yi, ya kamata ku san ko mene ne. Ɗaki ne na ɓoye take son ginawa a cikin kwamfutar. Idan ta shiga ta rufe, babu mai ganin abin da take yi, babu mai sanin da wa take magana. Ta gama ta goge, kamar ba a yi ba."

Umma ta dafe ƙirji. "Ɗakin ɓoye? Auta, me kike da shi na ɓoyewa?"

"Umma, gwajin aiki ne. Ga saƙon malamarmu, ki ba Yaya ya karanta."

Yaya bai ko kalli wayar ba. "Ni na san irin malaman nan. Kin fi Injiniya sanin kwamfuta ne?"

"A wannan dai, e."

Injiniya ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. "Kwas na wata tara ne ya fara aiki. Ni shekarata goma sha biyu ina buɗe cikin injin nan. Kuma ma aikin me? Na faɗa wa Yayanki, in dai aiki ne ga kantar shagona nan, ta zauna tana karɓar baƙi, ina ganinta tana ganina."

"Ban nemi kantarka ba, kalmar sirri na nema. Kwamfutar ubana ce, ba taka ba."

"Ke!" Yaya ya miƙe tsaye. "Wa kike yi wa wannan bakin? Mutum ya bar shagonsa ya zo don mutuncinki, ki tsaya kina yi masa rashin kunya? To ki ji da kyau, babu bi-em babu bi-komai a gidan nan. Ki taɓa saitin nan ki gani."

Umma ta ce, "Ba shi haƙuri."

Na dube ta. Ta kawar da kai ta sake cewa, "Na ce ki ba shi haƙuri."

Na ce, "Ka yi haƙuri," da muryar da ko ni na san babu haƙuri a cikinta. Ya ɗaga hannu kamar wani babba, wai ba komai, yarinta ce. Da zai fita sai da ya tsaya ya shafa kan kwamfutar, ya gyara mata kyallenta.

Masu karatu, kada ku ce ban yi tunani ba. Na yi. Abokan karatuna biyu kowa na fama da tasa na'urar, ɗakin kwamfutocin makaranta kuma a rufe yake ana gyara. Na rubuta wa malama na faɗa mata halin da ake ciki, ban ɓoye komai ba. Amsarta gajera ce: "Ta tebur ce? Cire ta daga wuta, buɗe gefenta, akwai ɗan batiri kamar kwabo a kan allon ciki. Cire shi minti biyar. Yawancinsu suna manta kalmar. Ba zan iya ɗaga miki lokaci ba."

Laraba ƙarfe takwas Yaya ya fita. Ina jin ƙarar ƙofar gida na ɗauko sukurdireba daga durowar kicin. Na zare filogi, na jawo baƙin akwatin ƙasa, na kwance kusoshi biyu na baya, murfin gefe ya zame. Ƙura ce dam a ciki, fankar ta yi gemu. Wai shekara goma sha biyu yana buɗe cikin inji, amma wannan ko hura ta bai taɓa yi ba.

Umma ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya a kaina. "Abin da aka hana ki shi kike yi."

"Shi nake yi, Umma."

"Idan hoton babanku ɗaya ya ɓata, ban yafe miki ba."

Maganar ta soke ni, amma ban ɗago ba. Na danne ɗan ƙarfen da farce, batirin ya yi tsalle ya faɗo tafin hannuna. Minti biyar na zauna a ƙasa ina kallon agogon bango, Umma na zaune a hannun kujera tana jan carbi da ƙarfi kamar da shi take faɗa. Na mayar da batirin, na rufe, na jona, na kunna. Shuɗin shafin ya buɗe, bai tambaye ni komai ba. Sai da na ji ƙwalla ta taru min. Na gyara kwanan wata da ya koma shekarun baya, na nemo layin da aka kashe na kunna shi, na adana na fita.

Wannan karon da na danna, baƙar taga ta buɗe, fararen rubutu suka yi ta gudu, sai ga shafin maraba. Na zaɓi harshe, na zaɓi tsarin kibod, na ce a girka da abubuwan da aka saba. Daga nan ta kawo ni shafin da ke tsorata duk wani sabon shiga, inda aka rubuta da Turanci ɓaro-ɓaro: a goge faifai gaba ɗaya a girka sabuwa. Ni na san faifan ƙaryar nan na giga ashirin da biyar take nufi, wanda babu komai a cikinsa.

Hannuna na kan maus aka banko ƙofar falo.

Yaya ne, ko sallama babu, makullin mota a hannu, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Idonsa ya sauka a kan sikirin, leɓensa na motsi yana karantawa. "A goge faifai? Gaba ɗaya? Ke mahaukaciya ce? Umma, kin ga abin da za ta yi? Hotunan Baba da takarduna za ta share!"

Umma ta saki salati ta miƙe.

"Ba su za ta taɓa ba," na ce. "Tsaya ka gani."

"Ɗauke hannunki!"

Ban ɗauke ba. Na danna. Ta tambaya ko na tabbata, na sake dannawa. Yaya ya ɗaga hannu, na rantse na ɗauka marina zai yi, sai Umma ta riƙe masa riga. Kafin ya fizge na ƙanƙance tagar bi-em ɗin na tura ta gefe, na buɗe jakar hotuna. Ga Baba nan da farin gilashinsa yana dariya a ƙofar gida. Na buɗe jakar shago, ga takardunsa reras.

"Ƙirga," na ce. "In ɗaya ya ɓata ka yi min duk abin da ka ga dama."

Bai ƙirga ba. Ya tsaya yana huci. A gefe kuma ɗan layin girkawa yana ta cika a hankali. Na sa sunan mai amfani, na sa tawa kalmar sirrin, na rufe kibod da tafin hannu ina bugawa, da gayya. Minti goma sha takwas muka yi a haka. Ta gama, ta ce in cire faifan girkawa in sake tayar da ita. Na yi. Sabon shafi ya buɗe fes, da agogonsa a sama. Na ɗauki hoton sikirin da wayata na tura wa malama. Nan take ta amsa: "Ya yi. Sunanki ya shiga."

Sai a lokacin wata tambaya ta faɗo min. Na juya. "Umma, ke kika kira shi?"

"Da wace wayar? Tana ɗaki tana caji."

"To Yaya, wa ya faɗa maka na buɗe?"

Kafin ya buɗe baki, Umma ta nuna sikirin da carbinta. "Auta, abin nan tafiya yake."

Na waiga. Hannayena biyu suna kan cinyata, maus na zaune a wurinsa, amma kibiyar tana tafiya a kan sikirin. A nutse take tafiya, kamar mai gidan da ya san inda komai yake. Ta je ta rufe tagar bi-em ɗina. Ta buɗe jerin na'urori, ta tsaya a kan wadda na gama ginawa yanzu, ta buɗe zaɓuɓɓuka, ta gangara zuwa inda aka rubuta a cire.

Ban san lokacin da na duƙa bayan tebur ba. Na fizge shuɗin kebul ɗin intanet har sai da kwalin ƙafar teburin ya fita. Kibiyar ta tsaya cak a kan tambayar ƙarshe, ko a goge duk fayilolin. Na kama maus na ce a'a.

Wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo daga Injiniya: "Mayar da kebul ɗin. Don amfaninki nake yi."

Na miƙa wa Yaya wayar har tana taɓa ƙirjinsa. "Karanta. Ka ga abokinka? Yana zaune a shagonsa yana kallon duk abin da ake yi a kwamfutar nan. Shi ya kira ka. Wannan ne mutumin da kuke so in aura, ɓarawon da ke leƙen..."

"Ni na ce ya saka manhajar leƙen."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ni na ce ya saka," ya maimaita, yana kallon cikin idona. "Wata takwas ke nan. Kina zama a gaban abin nan awa da awanni, wa ya san me kike yi? Ni ne babba a gidan nan. Shi kuma aurenki zai yi, yana da haƙƙin ya san wadda zai ɗauka."

Wata takwas. Wasiƙun neman aikin da na rubuta aka ƙi ni. Hirata da ƙawata a kan shi kansa Injiniyan. Hotunana ba ɗankwali da na juye daga waya don ta cika. Duk ranar da ya zo ya zauna a kujerar nan yana murmushi, ashe ya riga ya karanta ni tas. Na ji kamar an yaye rufin ɗakina ina tsakiyar canja kaya.

"To me ya gano?" na ce. "Wata takwas, me ya kawo maka? Da wa ya kama ni?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Ka faɗa masa ya nemi wata. Ko shi kaɗai ya rage a duniya..."

"Ba ke za ki yanke wannan ba."

"Komai yake gani?"

Umma ce ta yi tambayar. Ta koma ta zauna, carbin ya zame daga hannunta yana ƙasa. Ba ni take kallo ba, Yaya take kallo.

"Umma, ba ruwanki a ciki, ita ake..."

"Auta, ke nake tambaya. Duk abin da aka buɗe a kai, yana gani?"

Sai a lokacin na gane inda ta dosa. Na ce, "Komai, Umma."

"Har takardun asibitina?"

Ku yafe min, wannan ban taɓa faɗa muku ba, domin rantsuwa aka sa ni. Wata biyar ke nan Umma ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta. Ni nake raka ta asibiti a ranakun da Yaya ke zaton kasuwa muka je. Ni nake buɗe sakamakon gwaji a kwamfutar nan, in karanta mata, in rubuta wa likita abin da ta ce, har da abubuwan da mace ba ta faɗa ko a gaban 'yarta sai dole. Ta ce kada ɗanta ya sani sai an tabbatar, don tun rasuwar Baba bai dawo daidai ba. Ashe ƙaton da take fito wa da kofunan baƙi ya karanta komai, layi bayan layi, ya zo ya zauna a gabanta yana tambayar ta ya ƙarfin jiki.

Makullin mota ya faɗi daga hannun Yaya.

"Wane asibiti?"

Umma ta ja mayafinta ta rufe ƙirjinta da kyau, kamar akwai baƙo a ɗakin.

"Umma, wane asibiti? Me ya same ki?"

Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya ciro ta, na hango sunan Injiniya a kan gilashin. Umma ma ta hango.

"Ɗauka mana," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Tambaye shi. Ai ya riga ka sani."